Yaya Isaka Goben-Wa da 'Ya'yansa na Cikin Kwamfuta

Ku da kuka zauna da Yaya Isaka, ku faɗa mini tsakani da Allah: akwai wanda ya taɓa ce masa "sai gobe" ya tafi lafiya? Babu! Kana juya baya za ka ji an riƙo maka gefen riga.

"Goben wa?"

Ka ce, "Haba Yaya, gobe dai, goben da kowa ya sani."

Ya ce, "Kowa bai sani ba. Akwai goben mai gyaran fanka, akwai goben kafinta, akwai goben surukina. Taka wacce ce?"

Haka za ka tsaya a bakin titi, motocin haya na trotro na wuce ka ɗaya bayan ɗaya, sai ka faɗi rana da wata da shekara kafin ya sakar maka riga. Liman ma bai tsira ba. Ran nan bayan Azahar Malam Haruna ya yi sanarwar ɗaurin aure "Lahadi mai zuwa," sai ga hannu ya tashi daga sahu na biyu. Malam ko dubawa bai yi ba, ya rufe ido ya ce, "Isaka, wadda ke tafe, ba ta bayanta ba." Yaya ya ce, "To, a riƙa faɗin haka." Shi ya sa daga Nima har Mamobi ba mai ce masa Isaka kawai. Isaka Goben-Wa.

Ni Awudu, mai shagon buga kati a Kokomlemle, ni na fi kowa shan wannan azaba, ni kuma na fi kowa ikon faɗa, don taubashina ne: uwata da ubansa ciki ɗaya. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, amma izinin tsokanarsa ina da shi har yau da ba ya nan.

Aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni. Ya yi shekara da shekaru a wani kamfanin inshora a Adabraka, tun lokacin da kwamfuta ke kai girman firji. Da ya yi ritaya ya zauna a gida, matarsa Hajiya Abiba ta jure iya jurewa, sannan ta kira ni a waya. Ta ce, "Awudu, zo ka ɗauki ɗan'uwanka. Na ce masa tuwo ya kusa, yana tsaye a kaina da agogo." Tun daga ranar ya zama kayan shagona. Kullum da safe sai ya zo da laftof ɗinsa a cikin jakar shinkafa, ya zauna a kusurwa, ya fara gyara wa kwastomomina magana.

Kai, wannan laftof! Batirinta ya mutu tun tuni, murfinta da robar taya aka ɗaure shi, harafi guda ya ɓalle sai da tsinken sakace yake danna shi. Da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, shi kuma ya naɗe hannu ya ce, "Ta tafi alwala." Na ce ya sayi sabuwa, ya ce, "Me ta yi maka?" Ɗansa ya aiko masa da wata daga Jamus, sabuwa fil a kwali. Ya tura ta ƙarƙashin gado, wai sai tsohuwar ta rasu. Jama'a, shi ya riga ta.

Abin da ya mai da shi abin da kuka sani kuwa, bikin Zuwera ne. Kun tuna Zuwera, 'yar Hajiya Memuna ta Mamobi mai sayar da wache, shinkafa da waken nan, yarinyar da ke aikin jinya a Amurka. Ta aiko wa kawunta saƙo a waya cewa ga ranar biki: 04/05. Kawun ya zo shagona ya ce huɗu ga watan Mayu. Ni ma na duba, huɗu ga watan biyar, ba gardama. Muka buga kati mai ruwan zinariya, aka raba har Kumasi da Tamale.

Farkon Afrilu sai wayar Hajiya ta yi ƙara tana tsakiyar zuba wa mutane wache.

"Mma, ina wanda zai ɗauke ni? Ina filin jirgi."

Ashe su a can wata suke fara rubutawa kafin rana. Biyar ga Afrilu yarinya take nufi! Ta sauka da akwatunanta da ɗan gajeren hutun da ta roƙa a wurin aiki. Ba a sayi sa ba, ba a kama kanofi ba, atamfar yayi, wato ankon biki, na jibge a wurin tela ko yanka ta ba a yi ba.

Hajiya Memuna ta iso shagona da ludayin wache a hannu, ko ajiye shi ba ta tsaya yi ba.

"Awudu! Fito nan!"

Ni dai na laɓe bayan injin. Yaya Isaka ne ya miƙe, ya karɓi katin, ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya yi ta dubawa kamar alƙali.

"Hajiya, 'yarki ta yi gaskiya. Ƙaninki ma ya yi gaskiya. Awudu ma, abin mamaki, ya yi gaskiya."

"To wa zan doka?"

"Lambar."

Hajiya ta dubi lambar, ta ga ba ta da ƙeya. Ni ina da ita.

Aka yi biki a gurguje, amarya ta koma bakin aikinta. Ran huɗu ga Mayu kuma sai ga mota cike da matan Kumasi, kowacce ta sha yayi, da makaɗansu. An aika musu cewa rana ta canza, suka ce su abin da ke jikin kati suka sani. Hajiya ta sake ɗora tukunya, aka sake tare titi, aka jingina waya da kwanon goro, ga Zuwera a ciki da kayan asibiti tana ɗaga hannu, mata na rawa a gaban waya suna guɗa. Yaya Isaka ya ci a na farko, ya ci a na biyu, ya wanke hannu ya ce, "Wannan ba zai sake faruwa a Nima ba muddin ina numfashi."

Ya duƙufa. Manhaja zai rubuta wa shagona, wadda duk yadda kwastoma ya faɗi rana za ta gane, ta fitar da kwanan wata guda tak da za a buga. Ya daina gyara wa mutane magana na wani lokaci, har wasu suka zo tambaya ko ba shi da lafiya. Wata yamma muna bes ɗinmu na Kawukudi, kan bencin da muke shan shayin ataya, sai ya iso yana tafiya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Na gama bes kilas."

Mumuni mai dafa mana ataya ya ajiye buta. "Kilas a bes? Chale, abokina, mun tsufa da makaranta fa. Wa zai zama hedimasta?"

"Ba wannan bes ba, sarkin surutu. Tushe nake nufi. Ni na sa mata suna Uwa."

Ya zauna ya yi mana bayani, ba wanda ya roƙe shi. Ita Uwa, in ji shi, ta iya karɓar rubutu, ta iya share masa datti, a ƙarshe kuma ta iya duba ko ranar da aka fitar akwai ta a duniya. Abu guda ya bar mata a buɗe da gangan: yadda ake karanta ranar. "Uwa ba ta karanta ko rana ɗaya da kanta," ya ce. "Duk wanda ya zo da irin tasa hanyar faɗin rana, sai in haifa mata ɗa. Ɗan ya gaji duk abin da ta iya, ba sai na sake rubutawa ba, shi kuma ya cike gurbin nan da irin nasa karatun. Yanzu tana da biyu. Ɗan Ingila, mai fara karanta rana. Ɗan Amurka, mai fara karanta wata. In aka kawo irin lambar Zuwera ba a faɗi daga ina ba, duk su biyun su yi shiru, allo ya rubuta: Koma ka tambayi amarya."

Sannan ya ɗaga yatsa. "Doka ɗaya ce. Ɗa kana iya gyara shi, kana iya share shi. Amma ba a taɓa Uwa."

Kun san Mumuni, rabin magana yake ɗauka ya ƙara mata sukari. Kafin Jumma'a labari ya cika unguwa cewa Isaka na rabon gado alhali uwar na da rai. Sai ga Malam Haruna a ƙofar shagona da littafi a hammata, fuska a murtuke.

"Isaka, na ji abin da ban so ba. A wace mazhaba ɗa ke cin gado uwa na raye?"

"A tawa, Malam."

"Subhanallahi! To nawa kowane ɗa ke samu?"

"Duka."

"Duka? Ɗan'uwansa fa?"

"Shi ma duka."

"Uwar fa, me ya rage mata?"

"Komai nata na nan, ko allura ba ta ragu ba."

Malam ya nemi kujera. Yaya ya juyo masa da laftof, ya nuna masa Uwa, ya nuna masa 'ya'ya, ya yi ta bayani har shayin Malam ya huce. Malam Haruna, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba ɗaki da baranda tsakanin magada masu zagin juna, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Isaka, ba za ka iya saka gidajen Nima a cikin wannan abin ba?"

Daga nan fa haihuwa ta ɓarke. Uwa ba ta huta ba.

Wani Alhaji mai sayar da albasa, mutumin Nijar, ya zo buga katin suna. Na ce yaushe? Ya ce, "Citta." Na ce, "Alhaji, abin da za a zuba a kunu ba a rubuta shi a kati." Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Mu haihuwar Nima, Hausarmu a jibi ta tsaya, ina muka san akwai gata, akwai citta a bayanta? Yaya Isaka ya yi ta murna kamar an ba shi kujerar Makka. Kafin La'asar an haifi Bahaushe, mai gane jiya da shekaranjiya, gobe da jibi da gata da citta. Bayansa aka haifi Ɗan Hijira, mai lissafin watan Musulunci. Shi wannan bai taɓa ba da amsa ɗaya ba. Ka ce masa ran Sallah, ya rubuto maka: Ko Talata ko Laraba, ya danganta da masallacin da kake bi.

Sai Fuseni tela. Yaya ya kai masa yadi tun kafin azumi, Fuseni ya ce Jumma'a. Jumma'a ta zo, ya ce Jumma'a. Aka yi Sallah, Yaya ya je Idi da tsohuwar riga. Bai yi faɗa ba. Ya dawo shago ya haifa wa Bahaushe ɗa, jikan Uwa ke nan, ya sa masa suna Tela. Ya gaji komai na ubansa, illa abu ɗaya: duk ranar da ka ba shi, ko gobe ko Jumma'a ko yanzu-yanzu, amsarsa ɗaya ce: Bayan Sallah.

Fuseni ya ji, ya zo da tef a wuya yana huci.

"Yaya, ka ɓata mini suna a kwamfuta!"

"Ka ce mini Jumma'a."

"Na ce Jumma'a. Na ce wacce?"

Wallahi ranar kaɗai na ga an ka da Yaya Isaka a magana. An kashe shi da wuƙarsa. Fuseni ya matso ya ce a gwada masa abin ya gani. Aka rubuta "gobe da safe," allo ya ce Bayan Sallah. Aka rubuta "ranar Laraba ba fashi," allo ya ce Bayan Sallah. Fuseni ya shafa gemu, sannan ya sassauta murya.

"Yaya, ana iya saka mini shi a waya? In mata suka taso ni, in nuna musu in ce kwamfuta ce ta faɗa."

Amma wanda ba zan manta ba shi ne na Onarabul. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san shi, mai farar mota da farar hula, wanda ba a ganinsa sai zaɓe ya matso. Ya zo da mutanensa zai buga fosta, aiki mafi girma da ya taɓa shigowa shagona. A ƙasan hotonsa yana so a rubuta cewa za a gyara babbar gota, magudanar ruwan unguwa, wadda ke shigo mana ɗaki duk damina, "nan ba da jimawa ba."

Na yi wa Yaya ido. Na taka masa ƙafa. Ina! Ya riga ya jawo laftof.

"Onarabul, a shagon nan ba a buga rana sai ta bi ta kwamfuta. Akwai ɗan da na haifa musamman saboda irinku."

Ya rubuta "nan ba da jimawa ba," ya miƙa wa ɗan da ya sa wa suna Ɗan Siyasa. Wani ɗan zobe ya fito a allo ya fara juyawa. Yana juyawa. Yana juyawa. Onarabul ya dubi agogo. Mutanensa suka matso suna leƙe.

"Malam, abin na aiki kuwa?"

"Yana aiki, Onarabul."

"To yaushe zai gama?"

"Nan ba da jimawa ba."

Wani daga cikin mutanensa ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari. Ni kuwa na riga na fara yi wa aikin nan ta'aziyya a zuciyata. Amma Onarabul tsohon hannu ne, ko gezau. Ya yi murmushi ya ce, "Kana son rana? Ba matsala. Rubuta talatin ga Fabrairu."

Yaya ya rubuta. Allo ya yi ja: Babu wannan rana a duniya.

"Gwada da wani ɗan."

Ya gwada da Ɗan Ingila, ja. Ɗan Amurka, ja. Yaya ya ce, "Ko duka ka bi, haka za su ce. A wurin Uwa suka gaji wannan, ita ce ke duba kowace rana kafin ta fita."

Onarabul ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya irin yadda suke yi in za su yi maka alheri. "To a ɗan cire mata wannan dubawar mana, na yau kaɗai. Ni da kai ba za mu ɓata ba."

Yaya Isaka ya miƙe tsaye, ya rufe laftof a hankali don kada robar ta tsinke, ya rungume ta a ƙirji.

"Onarabul, ba a taɓa Uwa."

Suka fita. Na zauna a kan kwalin takarda na riƙe kai. Yaya ya dafa ni ya ce, "Ka gode mini, na tsare maka mutunci." Na ce, "Yaya, mutunci ake zuba wa injin?" Bayan kwana kaɗan sai ga fosta a mahaɗar Kawukudi, an buga a wani wuri, hoton Onarabul na murmushi, a ƙasa da manyan haruffa: talatin ga Fabrairu. Mutane na wucewa suna cewa, kai, wannan karon har rana ya sa, da gaske yake! Ya ci zaɓe, jama'a. Gota kuwa kun gan ta da idonku da kuna tahowa.

Mutum ɗaya ce ta iya tunkararsa a kan aikinsa, 'yarsa Rukaya, wadda ta gaji kansa ta kuma yi karatun kwamfuta, tana aiki a wani kamfanin manhaja. Ta zo shago ta ga 'ya'yan Uwa sun yi yawa har laftof na nishi kafin ta gama kiran sunayensu.

"Baba, duniya ta wuce nan fa. A sa ɗan kalanda a allo, mutum ya danna ranar da yake so da yatsa. Shi ke nan, ba uwa ba jika."

Ya dube ta, ya dube ni. "Awudu, wannan ce na biya wa makaranta?"

Ta dai saka kalandarta a kwamfutar shago, suka yi yarjejeniya cewa kwastoman da ya fara shigowa shi zai raba gardama. Allah da ikonsa, wa zai shigo? Hajiya Memuna! Walimar sabon gida za ta yi. Na matsa nesa da hannunta. Rukaya ta gaishe ta da ladabi ta ce, "Mma, danna ranar a nan."

"In danna me? Ni ranata na sani. Asabar ɗin da ke bin dawowar Hajiya Fati daga Makka."

"Yaushe za ta dawo, Mma?"

"In jirginsu ya samu."

Rukaya ta juya a hankali ta dubi ubanta. Shi kuwa tuni tsinken sakace ya fara aiki. Kafin Hajiya ta gama gyara mayafi an haifi 'ya mace ta farko a gidan Uwa, sunanta Hajiya Memuna. Aka ba ta maganar, allo ya rubuto: A kira Hajiya Fati. Rukaya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Baba, ai wannan ba amsa ba ce!" Ya ce, "Kalandarki ta san da Hajiya Fati?"

Maganar gaskiya, tun daga lokacin kalandar Rukaya ce ke yin yawancin aikin shagona. Ya sani sarai. In ya ga kwastoma na dannawa sai ya juya kujera ya fuskanci bango, yana waƙa a hanci.

Ciwonsa bai daɗe ba. A asibiti ma bai bari an huta ba. Na je duba shi na tarar ya kama robar ƙarin ruwa yana karanta ranar lalacewarta, yana tambayar nas ko a wace ƙasa aka buga ta. Baiwar Allah ta kira shi kawu da yarensu, ta ce, "Wofa, don Allah kwanta," ta juya rubutun ya fuskanci bango. Ya ce mini, "Ka gani? Haka ake mulkin ƙasar nan."

To, mun yi dariya. Bari in faɗa muku wanda ba ku sani ba, don ba a bes aka yi shi ba.

Shekarar da matata Salamatu ta rasu, mutane sun yi mini kirki, sun zo, sun zauna, sun tafi, kamar yadda aka saba. Shekara ta juyo, kowa ya koma harkarsa, ni ma ban ce wa kowa komai ba. Wata safiya sai ga Yaya Isaka ya shigo ba jakar shinkafa. Koko da ƙosai ne a hannunsa. Ya ajiye a gabana ya ce, "Rufe shago." Na ce lafiya? Ya ce, "Yau ne, a lissafin wata." Muka sha koko, muka hau trotro zuwa maƙabarta, muka yi mata addu'a, muka dawo. Mutumin da ba ya iya barin magana ta wuce shi, tun tafiya har dawowa bai gyara wa kowa ko kalma ɗaya ba.

Ba a jima ba sai ga shi kuma, da koko da ƙosai. "Yau ne, a lissafin Bature."

Na ce, "Yaya, mace ɗaya, rasuwa ɗaya."

Ya ce, "Addu'ar ta yi mata yawa ne?"

Haka ya riƙa yi. Shekaru na tafiya, ranakun biyu na nisa da juna, ɗaya ta tsaya a damina, ɗaya ta yi ta matsowa har ta shiga lokacin zafi. Ni kaina wani lokaci aiki kan sha mini kai in manta da ta watan. Shi bai taɓa mantawa ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba, ko Hajiya Abiba ce mata yake yi zai raka ni sayen takarda.

Makon jiya ranar ta zagayo. Na buɗe shago, na zauna, na yi ta duban ƙofa kamar wawa. Da na ga rana ta ɗaga, na tashi na sayi kokona da kaina, na rufe shago na tafi. Yanzu wuri biyu nake tsayawa a can, kuma ba su da nisa da juna.

Allah Ya jiƙan Yaya Isaka. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alherin da ya yi a ɓoye. Allah Ya ba Hajiya Abiba da Rukaya da 'yan'uwanta haƙuri. Ya jiƙan Salamatu da dukkan namu da suka riga mu. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya bar mana wanda zai tuna da mu. Amin.